Bayan an tashi aiki, wa ke da ikon cewa "a buɗe"?

Malam Lawali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yawancin wuraren aikinmu a Damagaram, daga biro na ƙungiyoyi zuwa magazan ƴan kasuwa da ƙananan asibitocin kuɗi, da rana akwai tsari: ga sakatare, ga mai karɓar baƙi, kowa ya san kowa. Da an tashi, ko daga Juma'a bayan an sauko masallaci har safiyar Litinin, nauyin duka sai ya koma kan mutum guda, mai gadi da tocilarsa. Mai gyaran kilim ya zo ƙarfe 8 na dare, tankar ruwa ta iso ƙarfe 2, ma'aikaci ya dawo wai ya mance cajarsa. Wa za a buɗe wa, wa za a hana, da wace hujja? Masana, bismilla.

Baba Isuhu:
Wa alaikumus salam. Lawali, gyara na farko shi ne a sauke wa mai gadi hukuncin. Duk inda mai gadi ne ke yanke wanda zai shiga da dare, to kunya ce ke gadin wurin. Mutum ya sauko daga mota da babbar riga, ya kira sunan darakta, ya ɗaga murya, talaka mai ƴaƴa ba zai iya ce masa a'a ba. Aikin mai gadi ya duba ko akwai izini, ba ya ba da shi ba.

Ga yadda ake yi. Duk wanda yake da baƙo ko ɗan kwangila da zai zo bayan an tashi, ya cike takarda kafin ƙarfe 4 na la'asar: cikakken sunan mai zuwa, lambar wayarsa, abin da zai yi, ɗakin da zai shiga, ranar, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, da sunan ma'aikacin da zai tarbe shi. Mai sa hannu mutum biyu kawai a ma'aikata, kuma a manna samfurin sa hannunsu a ɗakin gadi. Takarda ɗaya, rana ɗaya. Kada a yarda da "wannan makon", saboda irin wannan takardar ce ake samu tana aiki bayan wata uku.

Mamman Sabon Gari:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai ba kowace matsala ke ba da sanarwa kafin la'asar ba. Gurup ya tsaya ƙarfe 11 na dare, firijin magani na ɗumama. Takarda za a jira?

Baba Isuhu:
A'a ɗana, nan waya ke shiga, amma mai gadi ne zai kira, ba a kira shi ba. Wannan shi ne gaba ɗayan sirrin. Baƙo ya miƙo wayarsa ya ce "ga shef ɗinka, yi magana da shi", kada a karɓa. Murya a waya da dare kowa na iya kwaikwaya, kuma ana sace wa mutane WhatsApp ɗinsu. Mai gadi ya bar baƙon a waje, ƙofa a rufe, ya ɗauki wayar ma'aikata ya kira lambar da ke rubuce a bango. Lambobi uku bi da bi: in na farko bai ɗauka ba bayan kira biyu, sai na biyu, sai na uku. In duk ba a samu ba, ba a buɗewa, kuma a rubuta a takardar aikinsa cewa babu mai hukunta shi don ya ƙi buɗewa. In ba a rubuta wannan ba, sauran duk banza ne.

Wayar ta zama ta wurin, ba tasa ba, mai layi biyu na kamfani daban-daban, misali Airtel da Moov ko Zamani, don in ɗaya ya ɗauke a samu ɗaya. A riƙa duba kuɗin cikinta duk Juma'a da safe. Abin dariya ne amma sau da yawa rashin kuɗin kira na dala ashirin ke buɗe ƙofar magaza.

Sani Lantarki:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni a ganina ma'aikatan gida bai kamata su shiga wannan wahalar ba. A sa musu kati. Kowane kati da lokacinsa: na akanta ya buɗe har ƙarfe 9 na dare a ƙarshen wata, na masu shara daga 6 zuwa 8 na safe, na darakta kowane lokaci. Na'ura ba ta jin kunya, kuma tana ajiye sunan wanda ya shiga da minti.

Hajiya Mariyama:
Ƙanena Sani, na'ura ba ta jin kunya amma tana jin yunwar kuran. Kowa ya tuna yadda aka yi daga watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ko ba wannan ba, watan Afrilu da Mayu an san yadda wuta take. Ka faɗa wa mutane abin da ƙofar ke yi in an ɗauke.

Sani Lantarki:
Yaya Hajiya, tambaya ce mai kyau, bari in warware ta, don nan ne masu saye ke ruɗewa. Kubar lantarki iri biyu ce. Akwai ta maganaɗisu, wadda ake ɗaurawa a saman ƙofa: wuta ce ke riƙe ta, da wuta ta yanke ƙofa ta saki. Akwai kuma wadda ake sawa a jikin katakon ƙofa wurin da harshen kuba ke shiga: yawancin irinta wuta ce ke buɗe ta, in babu wuta tana nan a kulle, amma na ciki yana murɗa hannu ya fita. Ga ƙofar waje a garinmu ta biyun ta fi dacewa.

In kuma ta maganaɗisun aka riga aka sa, ga lissafi. Mai ƙarfin kilo 280 tana cin kusan rabin amfiya a bolt 12, dare da rana. Ƙara akwatin sarrafawa da mai karanta kati, a ce 0.8. Ƙaramin batir na 7Ah da ke zuwa cikin akwatin, a takarda awa 8 da wani abu ne, a zahiri ka sa ran 6 in sabo ne. Kuma batirin dalma ba ya son zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa, mu kuwa muna wuce 40. Bayan shekara ɗaya kada ka amince da shi sai ka gwada. Gwajin: a kashe wutar akwatin da rana, a duba agogo, a ga awa nawa zai riƙe. Duk wata uku.

Mai son kwanciyar hankali ya raba ƙofar da wutar gari. Tsarin gaba ɗaya bai wuce wat 10 ba, wato kusan wat-awa 240 a awa 24. Farantin sola mai wat 100 da batir 50Ah sun ɗauke shi, muddin ana share ƙurar farantin.

Abdu Magaza:
Sani, ka bar abu ɗaya. Ƙofofinmu na ƙarfe ne, maƙeri ya haɗa, suna sauka a kan hinji kuma suna buɗewa da zafi. Maganaɗisu na son farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa ya kwanta masa sumul. Ƴar tazara kaɗan, ko tsatsa, ko yashi ya manne, sai ka ga fitila kore tana ci amma kafaɗa ɗaya ta buɗe ƙofar.

Sani Lantarki:
Haka ne Abdu. Shi ya sa ba a ɗaure farantin tamau, ana barin robar da ke bayansa ya ɗan yi wasa. Sauran kurakuran da ake yawan gani: a ja wa kuba wuta da siririyar wayar intanet tsawon mita 30, bolt ya faɗi kafin ya isa; maimakon haka a sa waya mai kauri milimita 1 ko 1.5. A sayi na'urar da komai ke cikinta a ɗaura a waje, mai sukundireba ya kwance ta ya haɗa waya biyu ƙofa ta buɗe; akwatin da ke ba da umarni ciki yake zama, mai karanta kati kaɗai ke waje. Sai ƙaramin batirin agogo, CR2032, mai kamar kwabo: in ya mutu, duk ɗaukewar wuta agogon na'ura ya koma baya, sai katin masu shara ya riƙa buɗewa da tsakar dare, na akanta ya ƙi. Katin ma a duba: masu arhar nan na 125 kHz ana kwafe su cikin daƙiƙu da ƴar na'urar hannu. A nemi irin katin da ake kira DESFire, mai wuyar kwafewa.

Nana Hadiza:
Masu tunanin na'urar yatsa su yi haƙuri su ji. Daga Disamba zuwa Fabrairu yatsu na bushewa suna tsagewa, gilashin na cika da ƙura. Mata masu lalle da masu aikin wanki da ruwan jabel, na'urar na yawan ƙin gane su. Ƙarshenta sai a gaji a sa dutse a tokare ƙofa, an koma ƙasa da inda aka fara. In dole ne, a yi wa kowa rajistar yatsu uku ko huɗu daga hannu biyu. Lambar sirri guda ta kowa da kowa kuwa, wata biyu ya isa ɗan kabu-kabun da ke kawo abinci ya san ta, ga maɓallan huɗu da suka goge suna nuna kansu.

Baba Isuhu:
To kun ga dai. Duk kayan nan ƙofa suke tsarewa, ba su san wanda ya bi bayan mai kati ba. Ma'aikaci ya buɗe da katinsa ƙarfe 10 na dare, abokansa biyu na biye, na'ura ta rubuta mutum ɗaya. Don haka littafi ba ya tashi ko an sa na'ura.

Littafin ya zama ɗinkakke, shafukansa da lamba, ba mai waya da ake cire takarda ba. Na dare daban da na rana. A kowane layi: rana, suna, irin takardar shaidar da aka gani, wurin wa ya zo, wa ya ba da izini, lambar baji, lambar mota ko babur, kayan da ya shigo da su, lokacin shiga, lokacin fita. Gurbin fita shi ne wanda kullum ake bari fayau, alhali shi ne mai amfani. Dabara: baji 20 masu lamba a rataye kan allo mai ƙusa 20. Ƙusa uku babu baji, mutum uku na ciki. Wanda bai yi lakkol ba ma ya iya wannan lissafin. Wurin canjin gadi, mai sauka da mai hawa su ƙirga tare su sa hannu.

Mamman Sabon Gari:
Baba, masu gadi da yawa ba su rubuta boko. Baƙon ne ke cikewa da kansa.

Baba Isuhu:
Shi ne ake samun sunan da ba ya karantuwa da lokacin da mutum ya ga dama. Da yawansu sun yi makarantar allo, su rubuta da ajami, babu laifi, da safe a samu mai karantawa. Lokaci kuwa a rataya agogo mai nuna lamba a ɗakin gadi ya kwafa. Ya fi a miƙa wa baƙo littafi yana karanta sunaye da lambobin duk waɗanda suka riga shi.

Mamman Sabon Gari:
Na yarda da wannan. Amma ni ina kan cewa a riƙe katin ɗan ƙasa na baƙo a ƙofa, ya dawo da baji a ba shi abinsa. In ba haka ba baji ashirin ɗin nan wata ɗaya za su koma bakwai.

Hajiya Mariyama:
Malam Mamman, ban goyi baya ba. Katin mutum ya ɓace a aljihun teburin mai gadi, ko a ba wani na wani cikin duhu, wa zai ɗauki ɗawainiyar sake yin sa? A duba kati, a duba fuska, a rubuta suna da lambobi huɗu na ƙarshe, a mayar masa nan take. Kuma a daina ɗaukar hoton katin mutane da wayar mai gadi. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP da ke sa ido. Littafin baƙi da hotunan kyamara duk bayanan mutane ne: a kulle su, a san masu ikon dubawa, a manna sanarwa a ƙofa cewa akwai kyamara. Baji kuwa ba ya ɓacewa in ma'aikacin da ya tarbi baƙo shi zai rako shi ƙofa.

Mamman Sabon Gari:
Hajiya, a biro wannan zai yi. A wurin da direbobi goma ke shiga da dare, ina nan kan bakana.

Nana Hadiza:
Rakiyar nan da Hajiya ta ambata ita ke warware wata matsalar. Mace ta zo da niƙabi da dare, mai gadi namiji ne shi kaɗai. Ba zai ce ta buɗe fuska ba, kuma bai kamata ba. Wanda ta zo wurinsa ya fito ƙofa ya shaida ta, ya sa hannu a layinta. Haka yaron da ya kawo abincin dare ko na buɗa-baki: kwano ya tsaya a ƙofa, mai shi ya fito ya karɓa.

Abdu Magaza:
Bari in yi maganar kaya, don a magaza abin da ke fita ya fi wanda ke shiga muhimmanci. Bayan an tashi ba abin da ke fita sai da bon, wato takardar fitar da kaya, mai sa hannun wanda ke da iko, an rubuta iri da adadi, kwafi ɗaya ya zauna a ƙofa. Ɗan kwangila ya shigo da akwatin kayan aiki, a buɗe a gani a shiga da fita. Tsohon batir, tsohon kwamfuresa, guntun wayar tagulla, duk na ma'aikata ne sai an rubuta akasin haka.

Gazuwal kada a karɓe shi da dare in akwai yadda za a yi. In ya zama tilas, mutum biyu: a tsoma sandar awo kafin a zuba, a zuba, a jira kumfa ya kwanta kamar minti 10, a sake tsomawa, a rubuta duka biyun. Ruwa kuwa kowa ya san halin garinmu, tanka na zuwa lokacin da ta samu. Mafita ita ce a fito da bakin bututun cika tanki ta jikin katanga, da murfi da kwaɗo. Mota ta tsaya a waje ta zuba, ba a buɗe babbar ƙofa ba sam.

Sani Lantarki:
Wannan dabarar ta Abdu ta fi kyamara huɗu. Tunda an zo kyamara: yawanci ana ɗaura su mita 3 ko fiye don kada a taɓa, sai hoton ya zama na saman hula da rawani. Ɗaya ta sauko daidai tsayin fuska, mita 1.6 zuwa 1.8, a ƙaramar ƙofa, cikin keji. Fitila ta kasance gefen kyamara tana haska baƙo, ba tana kallon kyamara ba. A share gilashi duk mako, don yanar gizo-gizo ɗaya a gaban fitilun dare na mayar da hoton fari fat. Ajiya kuma: kyamara mai megafiksel 2 a megabit 2 na cin kusan giga 21 a rana, huɗu sun kai 86. Faifan tera 1 kwana 11 ke nan. Satar magaza sai ƙirgar ƙarshen wata ake gano ta, lokacin hoton ya goge. A sa tera 4, ya ba da wajen kwana 45. Agogon na'urar ɗaukar hoton ya yi daidai da na ɗakin gadi, in ba haka ba littafi da hoto za su riƙa ƙaryata juna.

Malam Lawali:
Akwai abin da ba a taɓo ba: fada. Kusan kowace ƙofar ma'aikata da dare akwai tabarma da butar shayi.

Mamman Sabon Gari:
Ni ina ganin alheri ce. Mutum shida a farke a bakin titi sun fi mai gadi ɗaya mai gyangyaɗi.

Baba Isuhu:
Idanu ne, ban musa ba, kuma korar su na jawo gaba da unguwa. Amma fada ba sunaye gare ta ba, yau da wannan gobe da abokinsa, kuma duk wanda ya zauna mako ɗaya ya san lokacin da mai gadi ke salla da ranar da ake kawo kuɗi. Sharaɗi: a wajen katanga, nesa da ƙofa kamar taku goma, ba mai shiga ɗebo ruwa, cajin waya ko ban-ɗaki. A ajiye musu jarka a waje. Mai gadi ya sha shayinsa a miƙo masa, ba ya bar ƙofa ya je ya zauna ba.

Salla kuma a tsara ta a fili maimakon a yi kamar ba a sani ba. Mai gadi ɗaya ne, to ya kulle ƙofa ya sa mabuɗi a aljihu, mai zuwa ya jira minti 10. Juma'a da tsakar rana, lokacin shan ruwa, da tahajjud a goman ƙarshe, waɗannan sa'o'in kowa ya san gari ya koma masallaci. Inda akwai masu gadi biyu su yi bi da bi.

Hajiya Mariyama:
Baba, a ƙara da haƙƙinsu. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba kowane ma'aikaci hutun awa 24 a jere duk mako, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma jika 42 daga Janairun 2024, ga rajistar CNSS, asusun inshorar ma'aikata. Wanda ba a ba hutu ba shi ke turo ƙanensa ya kwana a madadinsa, wanda bai san fuskar kowa ba. Mai canji ya zama sananne, sunansa da hotonsa na biro, an nuna masa littafi da allon baji.

Sai wanda ya bar aiki. Ranar da ya tafi a goge katinsa, a karɓi mabuɗi, a sanar da masu gadi a rubuce, don su ne na ƙarshen ji. In ya taɓa riƙe mabuɗin ƙofa mai muhimmanci, karɓa bai isa ba tunda ana yanka kwafi a kasuwa. A sauya cikin kubar: sukuru ɗaya ne a gefen ƙofa, a zaro tsohon a je da shi Kasuwar Dole a sayo mai tsayinsa, 30/30 ko 30/40, aikin minti biyar.

Nana Hadiza:
Duk mun yi ta maganar hana shiga, a tuna da fita. Ma'aikacin da ya tsaya aiki shi kaɗai da dare, mai gadi ya san ɗakin da yake, ya leƙa shi duk awa. Kada a taɓa sa sarƙa da kwaɗo ta waje a ƙofar ginin da akwai mutum ciki, musamman gine-ginenmu masu tagogin ƙarfe. Ƙofar maganaɗisu dole ta samu maɓallin fita, da ƙaramin akwatin nan kore da ake fasawa ya yanke wutar kubar kai tsaye ba ta cikin na'ura ba. Lambobin gaggawa a rubuta manya kusa da na shugabanni: 18 ƴan kwana-kwana, 17 ƴan sanda. Su kam in gobara ce ba a jiran izinin kowa, a buɗe musu babbar ƙofa sannan a kira shef.

Malam Lawali:
Baba, saura darakta da kansa. Ya zo ƙarfe 11 na dare da baƙi biyu, ya ce ba sai an rubuta ba.

Baba Isuhu:
A buɗe masa, wurinsa ne. Amma mai gadi ya rubuta bayan sun wuce: darakta, da mutum biyu, ƙarfe kaza, mota lamba kaza, da lokacin fitarsu. Littafin dare kuma duk safiya wani ne daban ke duba shi ya sa hannu a ƙasan shafi kafin ƙarfe 9, ba shugaban masu gadi ba, ba kuma wanda ya ba da izinin daren ba. Ya haɗa takardun izini da layukan littafi ɗaya bayan ɗaya, duk layin da ba shi da takarda ko sunan wanda aka kira a waya, a tambaya a ranar.